Digiri a hannu, aiki a nesa: Wa ke raka ɗalibin Yamai daga aji zuwa bakin aiki?

Duk wanda ya saba duba sanarwar neman ma'aikata a jaridar Le Sahel, ko irin waɗanda ke yawo a zaurukan WhatsApp na matasan Yamai, ya haddace jerin takardun da ake buƙata. Akwai takardar neman aiki, wani lokaci a rubuce da hannu. Akwai tarihin karatu da aiki, wato CV, da kwafin digiri da aka buga wa hatimi a ofishin magajin gari ko na 'yan sanda. Sai takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, wadda ba a son ta wuce wata uku da fitowa, sannan katin hukumar ANPE. A ƙasan jerin kuma ga layin da ya fi kowanne karya gwiwar sabon mai digiri: ana son wanda ya yi aƙalla shekara biyu ko uku yana irin wannan aiki.

A nan ne dubban matasa ke tsayawa cak. Ba a ɗaukar mutum sai ya taɓa aiki, shi kuwa ba zai taɓa aiki ba sai an ɗauke shi. A ƙasashe da dama jami'o'i kan ware ofishi guda wanda aikinsa shi ne ya fitar da ɗalibi daga wannan tarko tun kafin ya faɗa ciki. A Yamai kuwa wannan aiki ya rabu gida-gida, wani ɓangare a hannun hukumomin gwamnati, wani a makarantu, wani a cibiyoyin renon kamfanoni, mafi yawansa kuma a hannun dangi da abokan arziki. Ɗalibin da bai san ƙofofin ba yana iya shafe shekaru yana zagaye da ambulan a hammata.

Lokacin da digiri ke zuwa da kujera

Iyayen matasan yau sun tashi a wata Nijar dabam. Lokacin da aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, ƙasar na fama da ƙarancin malamai da likitoci da ma'aikatan ofis. Gwamnati ce ke tsara yawan waɗanda za su karanta kowane fanni, ita ke biya musu kuɗin karatu, ita ce kuma ke ɗaukarsu aiki idan sun gama. Kuɗin uraniyom na shekarun 1970 ya sa hakan ya yiwu. A wancan zamani ba wanda ke buƙatar a koya masa yadda ake neman aiki, domin aikin ne ke jiran sa.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, sai aka shiga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ɗaukar ma'aikata kai tsaye ya ja baya har ya zama tarihi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito daga Harobanda suka nufi cikin gari don nuna adawa da matakan da za su taɓa ilimi, jami'an tsaro suka buɗe wuta a Gadar Kennedy, ɗalibai uku suka rasu. Har yau ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da wannan rana kowace shekara. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ya ƙara matse aljihun gwamnati da na magidanta. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman makaranta a matsayin 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, masu albashi ƙasa da na cikakken ma'aikaci.

Yayin da ƙofar aikin gwamnati ke ƙara ƙunci, ƙofar jami'a faɗaɗa take yi. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana da ya rasu a 1991, kuma a yau dubun-dubatar ɗalibai ne ke karatu a cikinta. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ga jami'ar Musulunci ta Say, ga makarantu masu zaman kansu da suka cika unguwannin Yamai suna ba da digirin kasuwanci da lissafin kuɗi da sadarwa. Ƙidayar 2012 ta nuna al'ummar Nijar sun haura miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Yawancin masu aiki a ƙasar noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke yi, ayyukan da ake biyan albashi a ƙarshen wata ba su da yawa. Ke nan masu fitowa da takarda na ƙaruwa kowace shekara, kujerun da suke hanƙoro kuwa ba sa ƙaruwa daidai da su.

Me irin wannan ofishi ke yi a wasu wurare?

Aikin ofishin raka ɗalibai zuwa ga aiki ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Yana zama da ɗalibi tun yana aji ɗaya ko biyu, ya tambaye shi abin da yake son zama, ya gaya masa gaskiyar abin da kasuwa ke nema. Yana koya masa rubuta CV da takardar neman aiki, ya yi masa gwajin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata kafin ranar ta zo. Yana ƙulla yarjejeniya da kamfanoni domin su karɓi ɗalibai horon sanin makamar aiki, yana gayyato su harabar makaranta su baje kolin guraben da suke da su. Yana kuma riƙe sunayen tsofaffin ɗalibai da wuraren da suke aiki, domin na baya su samu tsani.

A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin karatunta, wata doka ta 2007 ta sanya shigar da ɗalibai cikin duniyar aiki a jerin nauyin da ke kan jami'a, ta kuma wajabta wa kowace jami'a buɗe ofishin da zai kula da hakan. A Birtaniya ana bin sawun masu digiri wata 15 bayan sun gama, a tambaye su abin da suke yi, a wallafa sakamakon, har iyaye da ɗalibai su duba kafin su zaɓi makaranta. A maƙwabciya Najeriya, tun 1973 asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban fannonin kimiyya da fasaha su yi watanni a masana'antu da ma'aikatu tun suna cikin karatu, kuma makarantu na da sashen da ke kula da turawar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da ya kawar da rashin aikin yi, matasan Kano da Sakkwato shaida ne. Abin da suke yi shi ne rage yawan waɗanda ke fita daga makaranta ba su taɓa taka ƙofar wata ma'aikata ba.

Ƙofofin da ake da su a Yamai

Ƙofa ta farko ita ce hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, ANPE, wadda aka kafa a 1996. A nan mai neman aiki ke yin rajista ya karɓi katin da sanarwa da yawa ke tambaya, a nan kuma kamfanoni ke kai guraben da suke da su. Matasa da dama katin kawai suke zuwa karɓa su juya, alhali hukumar na da masu ba da shawara da shirye-shiryen horo kan dabarun neman aiki. Tana kuma da shirin COSIVIP, wanda ke tura sababbin masu digiri kamfanoni da ma'aikatu su yi watanni suna koyon aiki tare da ɗan alawus. Ga wanda ya dace, wannan shi ne layin farko na ƙwarewa a CV ɗinsa. Sai dai ANPE hukuma ce ta dukkan masu neman aiki, daga direba da mai gadi har zuwa injiniya, kuma yawanci ɗalibi kan isa gare ta ne bayan ya gama karatu, lokacin da ya riga ya zaɓi fanni kuma ba damar komawa baya.

Ƙofa ta biyu ita ce bautar ƙasa, wadda aka fi sani da sabis sibik. Mai digiri kan yi shekara biyu a wata ma'aikatar gwamnati ko makaranta, ana ba shi alawus, a ƙarshe ya samu takardar shaidar da ake yawan nema wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati. Bambancinta da ta Najeriya, wadda ke ɗaukar shekara guda, shi ne tsawon lokaci. Wanda aka tura inda ake aiki da abin da ya karanta, ya kuma samu shugaban da ke ba shi aiki na gaske, yakan fito da ƙwarewa da sanayya. Wanda aka ajiye a kan benci yana jiran a aike shi ɗaukar kwafi, shekara biyu ce ta tafi. Shi ya sa zaɓen wurin da za a yi ta ke da muhimmanci, kuma a daidai nan ne shawarar wanda ya san hanya ke da amfani.

Ƙofa ta uku ta masu son kafa nasu ce. Cibiyar CIPMEN, wadda ta fara aiki a 2014, ita ce ta farko a ƙasar wajen renon ƙananan kamfanoni, tana ba matasa wurin aiki da horo da haɗa su da masu zuba jari. Jami'ar Abdou Moumouni ita ma tana da tata cibiyar renon kamfanoni, CIUAM, domin ɗalibai da masu bincike. Gidan 'yan kasuwa na Maison de l'Entreprise, wanda ke ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa da masana'antu, ya tattara takardun rajistar kamfani a wuri guda, don kada mutum ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi. Akwai gasar e-Takara ta hukumar ANSI ga masu ƙirƙira a fannin fasahar zamani, akwai kuma gidauniyar Tony Elumelu da ke ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000 tun 2015, 'yan Nijar na cikin masu nema.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta koyon sana'a. Asusun FAFPA na ɗaukar nauyin horo da koyon aikin hannu, sannan akwai dandalin wayar da kai da jagorantar matasa da aka kakkafa da tallafin ƙungiyar Swisscontact. Masu digiri kan ɗauka wannan ba tasu ba ce. Amma mai lisansin kimiyyar lantarki da ya ƙara da wata shida na haɗa faranti da batirin hasken rana ya fi kusa da samun kuɗi a Yamai fiye da wanda ke jiran kwankur, musamman a garin da ɗaukewar wuta lokacin zafi ta sa gidaje da shaguna ke komawa ga hasken rana.

Su ma makarantun ba ɗaya suke ba. Makarantun ƙwararru irin su EMIG mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, da makarantar horar da 'yan jarida, da makarantun kiwon lafiya, horo a wurin aiki na cikin manhajarsu, ɗalibi ba ya karɓar takarda sai ya yi shi ya rubuta rahoto. Jami'ar ADU mai zaman kanta, wadda Kader Kaneye da abokiyar aikinsa Meredith Segal suka kafa a 2017, ta gina sunanta ne a kan koyar da Turancin Ingilishi da dabarun kasuwanci da shugabanci. Matsalar ta fi tsanani a manyan tsangayoyi irin na adabi da shari'a da tattalin arziki, inda ɗaruruwan ɗalibai ke cika ɗakin lacca guda, malami ba zai iya sanin sunan kowa ba balle ya san burinsa.

Istaj: tsani ko rami?

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu digiri a Yamai ita ce istaj, wato horon sanin makamar aiki. A ƙa'ida, watanni ne ƙalilan da matashi zai yi yana kallo yana koyo, a ƙarshe a ba shi takardar shaida. A aikace, akwai waɗanda ke yin istaj bayan istaj, shekara na bin shekara, suna aikin cikakken ma'aikaci ba tare da albashi ba. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata, jika arba'in da biyu ke nan, amma mai istaj da yawa ko kuɗin taksi ba ya gani. Wanda ke zaune a Harobanda ko Talladje ko Kirkisoye, wurin aikin kuma na Plateau, daga aljihun iyayensa kuɗin zuwa da dawowa ke fita. Idan iyayen ba su da shi, ya haƙura da horon, wanda ke da hali ya ɗauki gurbin.

Kafin ma a kai ga wahalar, sai an samu wurin. A nan ne haruffa ukun nan da kowane ɗan Nijar ya sani ke shigowa, PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Yamai yana da kawu a banki, yana da maƙwabci a kamfanin waya, kiran waya ɗaya ya ishe shi. Yarinyar da ta zo daga wani ƙauyen Mayayi ko Magarya, ita ce ta farko a gidansu da ta kai jami'a, ba ta da wanda za ta kira. Makinta na iya fin nasa, amma takardarta a tebirin sakatare za ta kwana. Ita ce ta fi kowa buƙatar ofishin da zai tsaya mata a matsayin kawun da ba ta da shi, ya rubuta wasiƙa da hatimin makaranta, ya bi sawu, ya tambayi kamfani dalilin shiru.

Ga 'yan mata akwai ƙarin nauyi. Wasu iyaye da mazaje ba sa sakin jiki da barin mace ta je ma'aikatar da ba su san kowa ba, kuma tsoron masu neman amfani da matsayinsu a kan mai neman aiki ba tatsuniya ba ce. Idan makaranta ce ta tura ɗaliba da yarjejeniya a rubuce, mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da sunan wanda zai kula da ita, hankalin gida ya fi kwanciya, ita ma ta san inda za ta kai ƙara idan aka taka ta.

Ko haɗa takardun kansa kuɗi ne. Kowane kwafi da hatiminsa da tambarinsa. Takardar kotu galibi daga kotun yankin da aka haifi mutum take fitowa, don haka ɗan Gure ko Ngigmi sai ya nemi wanda zai karɓo masa ya saka a motar safa. Idan wata uku ya wuce ba a kira shi ba, ta mutu, sai sabuwa. Ga kuma jinkirin shekarun karatu, sakamakon yajin aikin malamai da na ɗalibai da cunkoso, wanda ya sha mayar da lisansin shekara uku ya zama na huɗu ko biyar, alhali jarrabawar shiga aikin gwamnati na da iyakar shekarun haihuwa.

Kasuwar ta sauya tun Yulin 2023

Shekaru da dama burin mai digiri a Yamai, bayan aikin gwamnati, shi ne ya samu shiga ƙungiyar agaji ko wani shiri da ƙasashen waje ke ɗaukar nauyinsa, domin can ne albashi ke da ɗan kauri. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya girgiza wannan kasuwa. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumin da bai tashi ba sai a Fabrairun 2024, Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka dakatar da tallafi, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024, abin da ya ƙara wahalar da masu son tafiya can ƙaro karatu. Hukumomi sun janye lasisin wasu ƙungiyoyi, a Fabrairun 2025 kuma suka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta bar ƙasar. A daidai wannan lokaci gwamnatin Amurka ta datse ayyukan hukumar USAID a faɗin duniya. Duk shirin da ya rufe, ƙwararrun ma'aikatansa kan dawo kasuwa su yi takara da sababbin masu digiri a kan gurbi guda.

A ɗaya ɓangaren wasu ƙofofi na buɗewa. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, ban da matatar SORAZ ta Damagaram da ke aiki tun 2011. Hukumomi na matsa wa kamfanonin waje lamba su fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar aiki, har a Maris na 2025 aka sallami wasu manyan jami'an kamfanonin mai 'yan China uku, bisa ƙorafin da ya haɗa da giɓin albashi tsakanin 'yan ƙasa da baƙi. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin uraniyom na Somaïr mallakin ƙasa. Duk wannan na nufin za a buƙaci 'yan ƙasa masu walda da gyaran injuna da lissafi da kula da lafiyar ma'aikata da muhalli. Doka na iya cewa a ɗauki ɗan ƙasa, amma sai an samu wanda ya iya aikin, kuma sai an samu wanda zai gaya wa ɗalibin aji ɗaya cewa ga inda buƙata take.

Harshe ma ya shigo cikin lissafi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga mai neman aiki, ma'anar ita ce Faransanci kaɗai ya daina isa. Wanda ke iya rubuta Hausa ko Zabarmanci daidai, ya kuma iya Ingilishin da zai yi magana da abokin ciniki na Kano ko Accra ko Dubai, yana da abin da takwaransa ba shi da shi.

Abin da makarantu da 'yan ƙasa mazauna waje za su iya yi

Kafa irin wannan ofishi ba ya buƙatar bene. Yana buƙatar ɗaki, da ma'aikata biyu ko uku da wannan ne kaɗai aikinsu, da rajistar kamfanoni da tsofaffin ɗalibai da ake sabuntawa. Mafi muhimmanci shi ne bin sawu: kowace tsangaya ta san cikin waɗanda suka gama shekara biyu da ta wuce, nawa ke aiki, a ina, kuma ko aikin ya dace da karatun. Ƙasar na da hukumar ONEF mai sa ido kan ayyukan yi da horon sana'a, wadda irin waɗannan alƙaluma za su ƙarfafa aikinta. Iyayen da ke biyan maƙudan kuɗi a makarantu masu zaman kansu su ma suna da haƙƙin yin wannan tambaya kafin su biya kuɗin rajista. Makarantar da ke alfahari da ɗalibanta ba za ta rasa amsa ba.

'Yan Nijar mazauna waje na da rawar da ta wuce aiko da kuɗi ta NITA ko Amana a ƙarshen wata. Injiniyan da ke Kanada ko ma'aikaciyar banki a Abijan na iya ware awa guda a wata ta duba CV ɗin ɗalibai biyar daga tsohuwar tsangayarta, ta yi musu gwajin ganawa ta waya. Ɗan kasuwar da ke Kwatano ko Lome ko Guangzhou ya san irin ma'aikacin da yake nema ya rasa, kuma wannan labari ne da ɗalibin kasuwanci ba zai samu a littafi ba. Waɗanda suka bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya kuwa, gaskiyar abin da suka gani ita ce babbar shawarar da za su ba ƙannensu masu tunanin ajiye digiri su bi sahara.

Kafin a kai ga haka

Ɗalibin da ke aji biyu a yau ba zai jira sai an gyara tsari ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hutun ƙarshen shekara dama ce ta neman horo ko da na wata guda ne, a ƙaramin kamfani ko gidan rediyo ko asibitin unguwa, a kuma karɓi takardar shaida kafin a tafi. Aikin sa-kai a ƙungiyar unguwa, ko riƙe lissafin shagon wani ɗan'uwa a kasuwar Katako ko Wadata, ƙwarewa ce da za a iya rubutawa idan an san yadda za a faɗe ta. Iya aiki da kwamfuta, musamman manhajar lissafi irin Excel, na raba masu takarda iri ɗaya gida biyu. Malamin da ya duba kundin kammala karatu shi ne mutum na farko da zai iya ba da shaida a kan ɗalibi, bai kamata a ɓace masa ba bayan an kare kundin. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi kafin ya sama wa mutum aiki, a yi hattara da shi, domin 'yan damfara sun san inda ƙishirwa take.

Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta wallafa littafi a 2019 a kan fada, majalisar shayin samarin Nijar, inda ta nuna yadda matasan da ba su da aiki ke mayar da zaman jira ya zama rayuwa mai tsari da zumunci. A fadojin Yamai yau akwai masu lisansi da masu masta da ke jiran shayi na uku ya nuna, wasunsu su ne suka fi kowa maki a ajinsu. Talakan ƙasa ne ya biya kuɗin karatunsu da harajinsa, iyaye suka sayar da tumaki da hatsi suka cika sauran. Kowace shekarar da suka yi a zaune, abin da suka koya na dushewa, kuma ƙannensu da ke kallo daga firamare da sakandare na yanke hukunci a kan ko boko ya cancanci wahalarsa.